Hakeem Olajuwon ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 15: ko dogon golan makarantarmu zai iya bin sawunsa?

Wani malamin wasanni a wata sakandare da ke cikin birnin Katsina ne ya aiko da tambayar. Yana da ɗalibi ɗan shekara 15 wanda tsawonsa ya kusa mita biyu, shi ke tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makaranta, kuma bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Mutane suna ta ce wa malamin ai Hakeem Olajuwon ma da waɗannan shekarun ya fara. Yana son ya san ko gaskiya ne, yadda wasan Hakeem ya gudana daga farko har ya yi ritaya, da kuma abin da ya kamata ya yi da yaron.

Malam, gaskiya ne, amma rabin zancen ake gaya maka. An haifi Hakeem a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, iyayensa Yarbawa ne masu sayar da siminti. Yana ƙarami gola ne, daga baya ya koma ƙwallon hannu. Yana ɗalibi a Muslim Teachers College ta Legas aka tafi da su Sakkwato gasar wasannin makarantun horon malamai, shi a matsayin ɗan ƙwallon hannu, can ne aka roƙi a ara wa 'yan kwando shi saboda tsawonsa. Ka ga ke nan ranar da ya fara wannan wasan ya riga ya shafe shekaru yana tsalle hagu da dama a bakin raga, yana karanta ƙafar mai bugu, yana sanin lokacin da ake tashi da lokacin da ake jira. Shi da kansa ya sha faɗin cewa daga can ya samo ƙafarsa da iya tare ƙwallo. Dokokin wasan ne baƙi a wurinsa, jikinsa kuwa tsohon hannu ne. Don haka a bayanin ɗalibinka, tsaron gidan ya fi tsawon ɗaukar hankalina.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston da ke jihar Texas a Amurka, ƙarƙashin koci Guy Lewis. Kakar farko ko wasa ɗaya bai buga ba, domin hukumar wasannin jami'o'i ba ta tantance shi ba. A kaka ta biyu daga benci yake shigowa, yana cin maki takwas a kowane wasa, ga shi siriri, ga yawan keta da ke sa a fitar da shi. Abin da ya juya al'amarin shi ne hutun 1982. Akwai wani zauren wasa a Houston mai suna Fonde inda ƙwararru ke haɗuwa lokacin hutu, cikinsu har da Moses Malone, wanda a shekarar aka zaɓa gwarzon NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka. Hakeem ya riƙa zuwa yana tsare Malone, Malone yana tura shi yana take shi. Da aka dawo, a kakar 1982 zuwa 1983, ya koma cin maki kusan 14, yana kwaso ƙwallo 11 daga kwando, yana kaɗe biyar a kowane wasa. Sun kai wasan ƙarshe na jami'o'i, North Carolina State ta doke su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. Shekara ta zagayo suka sake kaiwa, Georgetown ta Patrick Ewing ta sake hana su.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya. Michael Jordan ne na uku a wannan zaɓen, Charles Barkley na biyar, kuma har yau ba kasafai ake jin wanda ya ce Houston ta yi kuskure ba. Kakarsa ta farko ya yi maki 20.6 da kwasowa 11.9. A 1986 shi da abokin wasansa Ralph Sampson suka fitar da Los Angeles Lakers, suka kai wasan ƙarshe, Boston Celtics ta ci su huɗu da biyu.

Daga nan sai shekarun da masu ba da labarinsa ke tsallakewa. Gwiwar Sampson ta lalace aka sayar da shi, aka dakatar da wasu abokan wasansu kan miyagun ƙwayoyi, ƙungiyar ta rame. Lambobin Hakeem kuwa sai hawa suke: a kakar 1988 zuwa 1989 ya kaɗe ƙwallo sama da 200 ya kuma sace sama da 200, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka guda. Ranar 29 ga Maris, 1990 ya yi wa Milwaukee maki 18, kwasowa 16, kaɗewa 11, da miƙa ƙwallon da aka ci 10. Amma daga 1988 zuwa 1991 kowace shekara a zagayen farko na gasar cin kofin ƙarshen kaka ake fitar da su, a 1992 ko shiga ba su yi ba. A Janairun 1991 gwiwar hannun Bill Cartwright na Chicago Bulls ta karya masa ƙashin kewayen ido, ya yi wasa 25 a waje. Ga saurin fushi, ga rigima da shugabannin kulob har ya nemi a sayar da shi. Babbar matsalarsa a cikin fili ita ce idan mutum biyu suka rufe shi ba ya sakin ƙwallo, sai ya ce sai ya ci da ƙarfi. Da koci Rudy Tomjanovich ya karɓi ƙungiyar a 1992, ya kewaye shi da masu jifa daga nesa irin su Kenny Smith da Robert Horry da Vernon Maxwell, Hakeem kuma ya yarda ya riƙa fitar musu da ƙwallo. Miƙawarsa ta tashi daga biyu da ɗoriya zuwa uku da rabi a kowane wasa. Ƙarin ba shi da yawa a takarda, amma shi ya sa rufe shi da mutum biyu ya zama asara ga abokan hamayya. A wannan tsakanin ne ya ƙara riƙo da addini, ya kuma gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991.

A 1994 ya haɗa abu uku a kaka ɗaya, shi ne na farko da ya yi hakan: gwarzon kaka, gwarzon tsaro, gwarzon wasan ƙarshe. Sun ci New York Knicks huɗu da uku, kuma ba don yatsunsa sun taɓa jifan John Starks na Knicks a ƙarshen wasa na shida ba, da kofin ya tafi New York. Yana da shekara 31 a lokacin, wato shekara 16 bayan Sakkwato. A 1995 suka shiga gasar a matsayi na shida a yankinsu, bayan Clyde Drexler ya zo musu, suka fitar da Utah da Phoenix, sannan San Antonio inda Hakeem ya riƙa cin maki 35 a kan David Robinson da aka ba gwarzon kakar, suka ƙare da share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu ba ko ɗaya. Ya zama ɗan Amurka a 1993, ya ci musu zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Kakarsa ta ƙarshe a Toronto ya buga, ciwon baya ya sa ya ajiye a 2002 bayan kaka 18, da maki 26,946 da kaɗewa 3,830. Wannan lambar ta biyu ita ce mafi yawa a kundin NBA, shi ya sa tun 2022 kofin gwarzon tsaro ke ɗauke da sunansa.

An rubuta tsawonsa ƙafa bakwai, mita 2.13, amma waɗanda suka tsaya kusa da shi sun ce bai kai ba. Robinson da Shaquille duk sun fi shi tsawo. Da ƙafa ya ci su, kuma ita ce za ka fara koya wa yaronka tun kafin jifa.

Dokar farko ita ce ta ƙafar turke. Idan ɗan wasa ya kama ƙwallo ya tsaya, ƙafa ɗaya ta zama turke, zai iya juyawa a kanta yadda ya so amma ba zai ja ta ba. In zai fara buga ƙwallo a ƙasa, dole ƙwallon ya bar hannunsa kafin turken ya ɗaga. In jifa zai yi ko miƙawa, yana iya ɗaga ta, amma ƙwallon ya fita kafin ta sake taɓa ƙasa. Sabon shiga a nan yake shan usur fiye da ko'ina. Ka koya masa ya riƙa karɓar ƙwallo da ɗan ƙaramin tsalle, ya dira da ƙafa biyu lokaci guda. Wanda ya dira haka yana da zaɓin wadda zai mayar turke, mai tsaronsa kuma bai san ta ina zai juya ba. Duk ruɗin da Hakeem ya yi suna da shi, wanda ake kira Dream Shake, a kan wannan dirar aka gina shi.

Yaron ya tsaya kusa da kwando ya ba shi baya, gwiwa a lanƙwashe, ƙafafu sun fi faɗin kafaɗa, ƙwallo a ƙarƙashin haɓa da hannu biyu, gwiwar hannu a buɗe. Da bayansa zai ji inda mai tsaro ya jingina, ba sai ya waiwaya ba. In mai tsaron ya karkata wajen tsakiyar fili, sai ya jefa ƙafarsa ta wajen layin ƙarshe baya, ta wuce ƙafar mai tsaro, ya buga ƙwallo sau ɗaya da ƙarfi tsakanin ƙafafunsa, ya tashi. In mai tsaron ya toshe wajen layin, sai ya juya tsakiya ya jefa da hannu ɗaya ta saman kai, kafaɗarsa tana tsakanin ƙwallo da mai tsaro. Motsi biyu ke nan. Na uku shi ne na yaudara: ya juya kamar zai jefa, ya ɗaga ƙwallon zuwa goshi, idonsa a kan zobe, in mai tsaro ya tashi sai ya taka da ƙafar da ba turke ba ta ƙarƙashin hannunsa ya ajiye ƙwallo a allo. Abin da Hakeem ya riƙa yi shi ne jera waɗannan biyu ko uku a motsi ɗaya, kafaɗa ta nuna hagu, jiki ya tafi dama, kuma kowanne yana iya zama na gaske. Yaudara ba ta cin mutum sai ya san jifan farkon ma kana iya ci da shi. Don haka kada ka bar yaron ya fara kwaikwayon bidiyon 1995 a waya kafin motsi biyun farko su zauna masa ta kowane ɓangare.

Kurakuran da za ka gani nan da nan guda huɗu ne, kuma kusan kowane dogon yaro yana yin su. Zai miƙe gwiwa lokacin yaudara, ya rasa abin da zai tashi da shi. Zai sauko da ƙwallo zuwa ƙugu bayan ya kwaso shi, inda gajeru ke jira su ƙwace, ya zubar da tsawon nasa a banza. Zai riƙa kallon ƙasa yana buga ƙwallo. Sannan hannun hagu zai mutu in ba a tilasta shi ba. Maganin na ƙarshen shi ne atisayen Mikan: ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya jefa da dama daga dama, ya kama ƙwallon kafin ya faɗi, ya jefa da hagu daga hagu, ba tsayawa, hamsin a jere kowace rana. Kowane motsin baya ga kwando kuma ya yi shi sau 25 a dama, 25 a hagu, a hankali ba mai tsaro, har tsawon wata biyu kafin ka sa masa mutum. Ƙara da tsallen igiya na minti biyar. Langa ma kada ka raina ta, tsayuwa da juyi a ƙafa ɗaya ita ce ainihin abin da ake nema.

A wajen tsaro, golancinsa zai taimake shi ya kuma cuce shi. Gola ya saba faɗawa kan ƙwallo da dukan jikinsa, a nan kuwa wannan keta ce, kuma a dokar FIBA, hukumar kwando ta duniya, da ake bi a Najeriya keta biyar ke fitar da mutum. Ka koya masa kada ya bar ƙasa sai mai jifa ya bar ta, ya tashi a miƙe hannu sama, ya taɓa ƙwallon da yatsu maimakon ya mare shi. Wanda ya mari ƙwallo ya fita waje ya burge 'yan kallo ya mayar wa abokan hamayya da shi. Hakeem yakan ɗan taɓa shi ne ya faɗa hannun abokan wasansa. In mai jifa na dama ne, hannun hagu ne ke fuskantar ƙwallon. Kuma da zarar ƙwallo ya fara saukowa yana saman zobe, taɓa shi maki ne ga mai jifa.

Fili kuwa, zoben ya kasance mita 3.05 daga ƙasa, faɗinsa santimita 45, layin jifan fansa mita 4.6 daga allo. Ka auna da tef, domin makerin da ya kafa zobe da ido yakan yi kuskuren tafin hannu guda, yaro kuma ya yi shekara yana saba wa jifan da ba zai yi masa aiki a gasa ba. Ƙwallo lamba 7 ne na maza masu shekarunsa, a sayi na roba domin siminti yana cinye na fata. Simintin kuma shi ke cin gwiwa. Yaron da ke cikin girma yakan sami kumburi mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa inda jijiya ke riƙe da ƙashi. In ya fara, a rage tsalle na 'yan makonni, a bar shi da jifa da aikin hannu, kada a ce ragwanci ne. Takalmi mai kaurin tafi da ya yi masa daidai ya fi komai muhimmanci, ko na gwanjo ne, kuma ka shirya wahalar samun lambarsa a kasuwa. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, atisaye bayan sallar asuba ne ko bayan la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba.

Kafin duk wannan, a kai shi likita ya duba zuciyarsa, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani babban asibiti. Akwai ciwon gado da ake kira Marfan wanda ke zuwa da tsawo fiye da kima, dogayen yatsu, ƙirji da ya lotsa ko ya turo, da matsalar ido, yana kuma raunana babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Shi ya hana Isaiah Austin shiga NBA ana saura kwanaki a yi zaɓen 2014. Dogon hannu shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne, yawancin 'yan kwando haka suke. Ka auna tsawonsa ba takalmi, faɗin hannuwansa daga yatsa zuwa yatsa, da inda hannunsa ke kaiwa a bango yana tsaye, ka rubuta, ka sake bayan kowane wata uku.

Za a kawo maka zancen azumi. Hakeem ya riƙa buga wasa da azumi a bakinsa, har aka ba shi gwarzon watan Fabrairun 1995 alhali Ramadan ya kama a farkon watan. Sai dai ka tuna lokacin sanyi ne a can, a zaure mai na'urar sanyaya ɗaki, da likitoci a gefe. Ga yaronka, jifa da aikin ƙafa mara nauyi kafin buɗa-baki, gudu da wasa sai bayan tarawihi.

Hanyar da Hakeem ya bi, a ɗauki yaron da ba a san shi ba a saka shi jirgi, ta kusa rufewa. Yanzu ana ganin yara tun suna 14 ko 15, kuma ta matakai ake bi: gasar makarantun sakandare ta Milo, gasar matasa ta ƙasa da jihohi ke tura 'yan ƙasa da 15, sansanonin Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi ya kuma jagoranci Toronto ta ci kofin NBA a 2019, sai Basketball Without Borders da makarantar NBA da aka buɗe a Senegal. Ka fara da ofishin wasanni na jiha a filin Muhammadu Dikko ka nemi kocin kwando. Amma Moses Malone ɗin yaron nan yana Kano ko Zariya ko Kaduna, inda wasan ya daɗe da kafuwa. Yaron da ya fi kowa tsawo a unguwarsu ba ya koyon komai daga cin gajeru, sai an kai shi inda za a riƙa ture shi lokacin hutu. Kuma ka gaya wa mahaifinsa lissafin yadda yake: mutum 60 ake zaɓa a NBA a shekara daga duk duniya, sai wanda ya kai 19. Abin da ya fi kusa shi ne gurbin karatu, ko kulob irin Kano Pillars, ko gasar BAL ta Afirka da aka fara a 2021.

Gurbin karatun kuwa da sakamakon WAEC ake samunsa, jami'o'in Amurka ba sa bari a buga musu wasa sai an tantance darussa. Takardar haihuwa, lambar NIN, rajistar jarrabawa da fasfo duk su ɗauki kwanan wata ɗaya, na gaskiya. Za a sami wanda zai ba da shawarar a rage masa shekara biyu. Ranar da aka gano, gurbin ya tafi, kuma a lokacin ya riga ya yi nisa. Duk wanda ya zo ya ce shi wakili ne a ba shi kuɗin biza ko na gwaji a ƙasar waje, a sallame shi, sansanonin da na ambata gayyata suke yi bayan sun ga yaro.

In mahaifin ya tambayi abin da mutum ke ci bayan ƙafa ta gaji, tarihin Hakeem yana da amsa. Ya zuba kuɗinsa a filaye da gine-gine a Houston, yana saye da kuɗi hannu saboda gudun riba. Ya sayi tsohon ginin wani banki a tsakiyar birnin ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa, ya yi zaman karatun addini a Jodan. Tun yana wasa ya sa sunansa a takalmin Spalding na dala 35 don iyaye marasa ƙarfi su iya saya. Bayan ritaya kuma Kobe Bryant da Dwight Howard da LeBron James duk sun je wurinsa koyon aikin ƙafar nan.

Kada ka cire yaron daga raga yanzu. Ya ci gaba da tsaron gida, ka ba shi kwana huɗu a mako na kwando, awa ɗaya da rabi, har wata shida. Sannan ka duba abu uku: yana kama ƙwallon da aka jefo masa da ƙarfi ba ya kuɓucewa, yana juyawa ta kowane ɓangare ba ya jan turke, kuma yana zuwa fili ranar da ba ka kira shi ba. In ukun sun samu, ka ɗauki bidiyon cikakken wasa, ba guntayen da ya ci kawai ba, ka haɗa da ma'aunansa na wata shida, ka kai wa kocin jiha kafin a fara zaɓen 'yan gasa ta gaba.